Mai kai wa otal ƙwai da kayan lambu, ka san abin da ke juya cinikinka?

Kwanakin baya wani manomi da nake zagayawa wurinsa ya tare ni a bakin gona da ƙorafi. Shekara biyu ke nan yana kai wa wani otal ƙwai da latas da kokwamba, sau biyu a mako, ana biyansa a ƙarshen wata. Kwatsam sai aka rage masa oda kusan rabi, kuɗin wata biyu kuma suka maƙale. Shi a zatonsa wani ne ya shiga tsakani, ya ba mai sayayyar otal ɗin na goro, ya ƙwace masa ciniki. Ya ce mini, "Malam, don Allah ka je ka yi musu magana, ai kai za su ji nauyinka."

Na je. Babu wanda ya ƙwace masa komai. Ɗakin taron otal ɗin, wanda a da ba a raba shi da bita da tarurruka, a kulle na same shi, kujeru a kife a kan tebura. Na leƙa kicin, kukun ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, in karɓi latas in dafa wa wa?"

Tarurrukan da ke cika ɗakin nan yawancinsu na ƙungiyoyin agaji ne, irin waɗanda mu malaman gona ma mun sha halarta. A watan Janairun 2025 gwamnatin Donald Trump a Amurka ta dakatar da tallafin da take bayarwa ga ƙasashen waje, daga baya kuma aka rufe hukumar USAID gaba ɗaya. Ayyuka da dama na lafiya da noma da ilimi a Arewa suka tsaya cak. Da suka tsaya, babu bita. Da babu bita, babu shayin ƙarfe goma, babu abincin rana na mutum hamsin, babu masu kwana uku a ɗaki. To ka ga takardar da aka sa wa hannu a Washinton ita ce ta bar latas ɗin mutumin nan yana yaushi a kwami. Shi kuwa yana can yana zargin maƙwabcinsa.

Masana kasuwanci sukan raba abubuwan da ke shafar kowace sana'a gida biyu. Akwai na cikin gida, waɗanda ke hannun mai sana'ar: tsafta, iya girki, halin ma'aikata, yadda ake riƙe kuɗi. Akwai kuma na waje, waɗanda ba shi da iko a kansu: dokar gwamnati, darajar naira, tsaro, al'adar mutane, sabuwar fasaha, yanayin sama. Manomi bai buƙatar a yi masa dogon bayani a nan, domin shi ma ba shi ke saukar da ruwa ba, amma yana duba hadari kafin ya watsa taki. Abin da na lura shi ne, da yawa daga cikinmu mun iya karanta hadarin gona, amma ba mu damu da karanta hadarin wanda muke sayar wa kaya ba. Alhali in ka ɗaura kajinka da lambunka a ƙofar otal, duk iskar da ta kaɗa otal ɗin sai ta iso gonarka.

Ba wai ina hana kowa ciniki da otal ko gidan abinci ba ne. Kasuwa ce mai kyau. Suna saye rani da damina, farashinsu bai cika hawa da sauka a yini guda ba kamar na 'Yankaba ko Kwanar Gafan, kuma babu dillali a tsakani. Sannan su ne ke neman kayan da ƙauye bai damu da su ba, irin su koren tattasai, koren wake, farfesun tarwaɗa, kabeji mai kyau. Amma sai ka fahimci irin sana'ar tasu. Ɗakin otal kamar tumatir yake. Ɗakin da ba a kwana a cikinsa daren jiya ba, kuɗinsa ya tafi ke nan, ba a ajiye shi a sito a sayar gobe. Ga shi ko baƙo biyu ne kawai a gidan, dole a tayar da janareta, dole a biya albashi.

Yanzu ka zauna a kujerar manaja ranar da kuɗi suka yi ƙaranci. Mai dizal ba ya ba da bashi. Kamfanin wuta zai yanke layi. Jami'in haraji zai zo da kwaɗo ya rufe ƙofa. Ma'aikata in an ja musu albashi za su watse. Wa ya rage wanda za a ce masa "ka dawo mako mai zuwa" ya tafi ba hayaniya? Mai ƙwai da mai latas. Ba shi da takarda, ba shi da lauya, kuma gobe ma dole ya kawo, tunda kaji ba su san an hana shi kuɗi ba, ƙwai suke ta zubawa. A haka ƙaramin manomi yake zama bankin otal, yana ba da rance ba riba, bai ma san ya bayar ba.

Abin da ya fi matse otal-otal a 'yan shekarun nan shi ne wuta da mai. Dizal ya ninka fiye da sau biyu a 2022, bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren. Ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin fetur, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 a 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura naira 1,000. A Afrilun 2024 hukumar kula da lantarki ta ƙara wa masu layin Band A kuɗin wuta daga ƙasa da naira 70 zuwa naira 225 a kowane yunit, kuma manyan otal da yawa a kan wannan layin suke. Wannan kowa ya ji a rediyo. Abin da ba a faɗa a rediyo ba shi ne yadda ya sauya tsarin sayayyar kicin. Otal ɗin da ya rage awannin janareta ba zai cika firiza da kaji ba. Maimakon ya karɓi kaya masu yawa sau ɗaya a mako, sai ya ce ka riƙa kawo kaɗan-kaɗan kullum. A takarda yawan kayan bai canza ba. A aljihunka kuwa kuɗin mota ya ninka, a daidai lokacin da fetur ya fi tsada, ga na injin ban ruwa yana jiranka. Wato ya sauke nauyin ajiya daga kansa ya ɗora maka.

Mu tuna Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan lantarki suka lalace, jihohin Arewa da yawa suka yi sama da mako guda a duhu. Masu kaji a firiza sun yi asara, ƙanƙara ta zama abin nema. Amma wanda ke da kaji masu rai a kusa da gari, yana iya yankawa da safe ya kai kafin azahar, shi aka riƙa bi ana roƙo. Matsala guda ce, ta kayar da wani ta ɗaga wani, bambancin kawai irin shirin da kowa ya yi.

Haka faɗuwar naira take, wuƙa ce mai baki biyu. Tun da Babban Banki ya saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma zuwa sama da 1,500 a farkon 2024. Kayan waje suka fi ƙarfin kicin da yawa, suka waiwayo gida: dankalin Jos, shinkafar Kura da ta Kebbi, tarwaɗar tafki maimakon kifin kwali. Wannan dama ce ta gaske, kuma wasu sun ci moriyarta. Sai dai irin kokwamba da na tattasai na gwangwani daga waje suke zuwa, haka yawancin magungunan feshi, da sinadaran da ake haɗa abincin kaji da su. Wanda ya yi yarjejeniyar farashi guda na wata shida, yana murna ya samu tabbas, shi ya fi kowa kuka. A tsakiyar 2024 hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin 100 a lissafin hukumar ƙididdiga. A irin wannan yanayi, kuɗin da aka riƙe maka wata uku sun rasa kusan kashi ɗaya cikin goma na ƙarfinsu kafin su shigo hannunka. Mai kiwon kaji ya san ribarsa sau da yawa ba ta kai haka ba, tunda abinci kaɗai yana cinye kashi 60 zuwa 70 na abin da yake kashewa. Kaza mai ƙwai tana cin wajen giram 115 a yini, wato buhu mai kilo 25 ba ya wuce kwana guda a gaban kaji ɗari biyu da 'yan kai. Mai abincin kaji kuma a take yake karɓar kuɗinsa. Kai ka saya hannu da hannu, ka sayar bashi. Wallahi ko a makaranta aka ba ka wannan lissafin ka san ba zai fita ba.

Sai kuma gwamnati, wadda ke iya juya kasuwa da sa hannu ɗaya. A Agustan 2019 an rufe iyakokin ƙasa har zuwa Disamban 2020. Shinkafar waje da daskararrun kajin da ake shigowa da su ta Kwatano suka yi wuya, gidajen abinci suka koma kan na gida, mutane da dama suka shiga kiwon kaji da noman shinkafa saboda haka. A Yulin 2024 kuma aka juya akalar, gwamnati ta sanar da ɗage haraji na kwana 150 a kan shigo da masara, alkama, wake da shinkafar da ba a gama gyarawa ba. A 2025 farashin masara da shinkafa ya faɗi, taki kuwa bai sauko ba. Wanda ya ɓoye hatsi yana jiran bazara ya ji a jikinsa. Mai kaji ya ɗan samu sa'ida, amma kafin ya gama numfasawa mai sayayyar otal ya riga ya kira shi: "Alhaji, masara ta sauko fa, sai a rage mana kuɗin kiret." Su suna bin labarin kasuwarmu sarai. Mu ne ba ma bin nasu.

Batun tsaro da siyasa shi ne wanda ba ya sallama kafin ya shigo. Bayan harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris, 2022, jirgin bai dawo aiki ba sai Disamba, ga tsoron hanyar mota. Duk mai shirya taro a lokacin sai ya yi tunani sau biyu kafin ya kai shi Kaduna. Juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli, 2023 ya jawo rufe iyaka har zuwa Maris ɗin 2024, fataken Maraɗi da Damagaram da ke sauka a ƙananan masaukai idan sun zo Kwari ko Dawanau suka ragu, garuruwa irin su Jibiya, Illela da Maigatari suka yi tsit. Ranar 1 ga Agusta, 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa ta sa an kafa dokar hana fita a Kano da wasu jihohi, duk wanda ya tsinki kayan gwari a ranar ya san inda suka ƙare. Ko hawan Sallah, wanda ke cika otal-otal ɗin Kano da baƙi, 'yan sanda sun hana shi a Babbar Sallar 2024 saboda rikicin masarauta. Wanda ya zuba kaji yana lissafin baƙin hawan Daushe sai ya nemi wata kasuwar. Irin waɗannan ba wanda zai ce maka ga ranar zuwansu. Abin da kawai za ka iya shi ne kada su same ka da mai saye guda.

Akwai dai ɓangaren da ake iya lissafawa tun daga nesa, kuma abin mamaki shi muka fi sakaci da shi. Kalandar Musulunci tana matsowa da kwana goma zuwa sha ɗaya kowace shekara. Azumin 2025 ya kama a farkon Maris, na 2026 a tsakiyar Fabrairu, haka zai ci gaba da shigowa cikin sanyi. Ma'ana, a shekarun nan azumi yana faɗowa daidai lokacin da kayan noman rani suka cika kasuwa, gidajen abinci kuma a rufe suke da rana, bita da tarurruka sun tsaya. Kafin azumi kuwa, a Rajab da Sha'aban, bukukuwan aure ne ko'ina, wuraren biki ba masaka tsinke. Kajin nama suna kaiwa yanka a mako shida zuwa bakwai, kokwamba tana fara ba da 'ya'ya kafin wata biyu. In ka ɗauki kalanda ka ƙirga baya, ka san ranar da za ka zuba 'yan tsaki da ranar da za ka shuka. Haka Disamba take ga masu kai kaya Abuja, Jos da Kaduna. Wannan ba ya buƙatar jari, biro da takarda ne kawai.

Yanayi kuma yana bugun ɓangarorin biyu lokaci guda. Zafin Maris zuwa Mayu yana rage ƙwai, yana kashe kajin nama, alhali otal kiret ɗinsa yake so cif-cif kamar kullum. Daga Mayu zuwa Yuli tumatir yana ɓacewa, in kuma tsutsar sharon ta shigo kamar yadda ta yi a 2016 a Kano da Kaduna, kwando sai ya gagari kowa. A nan zan faɗi laifinmu, don kada a ce malamin gona ya goyi bayan nasa kawai. Da zarar farashin kasuwa ya haura na yarjejeniya, wasunmu sai su kashe waya, su loda kaya zuwa Legas, su bar kukun yana jira. Shi kuma sai ya koma tumatirin gwangwani da na leda, in ya saba da shi, ya ga babu ruɓa babu jira, ba lallai ya dawo ba ko da kaka ta yi. Ribar mako uku ta raba ka da cinikin shekara. Mai otal da aka taɓa yi wa haka, ba ka da bakin ce masa ya biya ka a kan lokaci.

Fasaha ba zan daɗe a kanta ba. Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023, bayan sauya fasalin naira 200, 500 da 1,000, ya sa ƙwai ya taru a gonaki babu mai saye, amma ya tilasta wa manoma da yawa buɗe asusu da karɓar taransifa. Alherin da ke ciki shi ne yanzu kowane biya yana barin shaida a waya. Wani sauyin da ya kamata a sa wa ido shi ne cinikin abinci yana fita daga otal. Gidajen haya na kwana-kwana suna ɗauke musu baƙi a manyan birane, mata masu girkin biki kuma suna karɓar oda ta WhatsApp da Instagram daga ɗakunansu. Waɗannan matan suna sayen kaji da kabeji da yawa, kuma galibi a take suke biya, domin su ma an ba su kafin alƙalami.

To me mutum zai yi? Ni tambayar farko da nake sa manomi ya yi kafin ya ƙulla ciniki ita ce: su wa ke kwana a otal ɗin nan, su wa ke ci a ciki? In ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kwangila, cinikin yana bin sakin kuɗin kasafi da kakar siyasa. In ƙungiyoyin agaji ne, kamar yadda yake a Maiduguri da Yola, kunnenka ya kasance a kan labaran duniya. In fatake ne, ka bi labarin iyaka da hanya. In biki ne ke riƙe da gidan, kalanda ce malamarka. Ba sai ka tambayi manaja ba, mai gadi da direbobin bakin ƙofa sun fi shi faɗin gaskiya. Ka kuma lura da alamu idan ka kai kaya: motoci nawa ne a harabar, janareta na aiki da rana ko a kashe, an rage ma'aikata ko ba a rage ba. Ranar da aka fara ce maka "akanta bai zo ba" sau biyu a jere, ruwa ba ya tsami banza.

A ra'ayina, kada mai saye guda ya ɗauki fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da kake fitarwa, komai daɗin farashinsa. A rubuta yarjejeniya ko da a takardar makaranta ce, da sa hannun shaidu biyu. A nemi biyan mako-mako, in ya gagara, a sa iyakar bashin da in an kai shi kaya za su tsaya. Farashi kuma kada a ɗaure shi da wata shida, a ɗaure shi da kuɗin buhun abincin kaji ko litar fetur, in ya hau a zauna, in ya sauka ma a zauna, don adalcin ya zama na kowa. Waɗanda ke cikin ƙungiya sun fi samun sauƙin wannan, domin mota ɗaya za ta ɗauki kayan mutum biyar, a rarraba shuka mako biyu-biyu don kada kaya su yanke, kuma otal ya fi jin kunyar riƙe kuɗin ƙungiya a kan na mutum ɗaya.

Mutumin da na fara ba ku labarinsa, mun koma otal ɗin tare. Manajan bai yi gardama ba, ya buɗe littafi ya nuna mana yadda baƙi suka ragu, aka yi yarjejeniya zai riƙa biyan tsohon bashin kaɗan-kaɗan duk Juma'a, sabon kaya kuma kuɗi hannu. Har yanzu akwai saura, amma yana raguwa. Ƙwan da otal ya daina karɓa yanzu masu shayi uku ne da wani gidan burodi ke ɗauka. Kwamin latas kuwa ya rage su zuwa huɗu, sauran ya zuba musu alayyafo da albasa mai lawashi, waɗanda ko a bakin titi ya ajiye ba za su kwana ba.